Matar da Ta Karya Kunnen Kati

Shekara ashirin da bakwai Yayata ta yi a bayan taga ɗaya. Tagar ɗakin kati ce ta asibitin unguwarmu, mai ragar ƙarfe da 'yar kafa a ƙasa wadda hannu kaɗai ke iya shiga. Ko ɗan wane ne kai, in ciwo ya kawo ka, sai ka rusuna a wannan kafar ka faɗi lambarka. Ita kuma ta juya cikin kantocin da suka kai rufi, ta zaro babban katinka, ta buga masa tambarin kwanan wata, ta ɗora a kan tire. Nas ce ke zuwa ta kwashi tiren ta kai teburinsu. Kai mara lafiya ba ka taɓa riƙe babban katin nan da hannunka, 'yar ƙaramar takarda mai lamba kawai ke aljihunka.

Ma'aikata suna ce mata Uwar Kati. Ni Yaya nake ce mata, ita kuma har yau da furfura a gemuna Auta take ce min, a gaban matata da 'ya'yana, ko a jikinta.

Ita ta raine ni. Tana da shekara goma sha shida mahaifiyarmu ta rasu, ni ko yaye ni ba a gama ba. Ta bar makaranta ta ɗauki tsintsiya a wannan asibitin, tana share baranda da ni a bayanta. Tsohon da ke riƙe da ɗakin kati a lokacin idonsa ya fara mutuwa, sai ya riƙa kiranta ta karanta masa lamba. A haka ta shiga ɗakin, a haka ya bar mata shi. Ta yi aure, ta haifi uku, mijin ya rasu, ta aurar da ukun, duk tana kan kujera ɗaya wadda aka ɗaure wa ƙafa da waya.

Abu biyu aka san ta da su. Na farko, kai. Wallahi matar nan in ta ga fuskarka sau biyu ta haddace lambarka. Mutum zai zo yana laluben aljihu, yana rantsuwa ya bar takardar a wata riga, ita kuwa tuni ta ajiye katinsa a tire tana kallon na bayansa. Na biyu, ba ta san alfarma ba. Ko 'yarta ta cikinta ce ta zo da ciki wata tara, layi za ta bi. "Layi layi ne," shi ne karatunta safe da yamma. Dangi sun yi fushi sun gaji, sun koma yi mata kirari da shi a bayan ido.

To ni kuma direban babbar mota ne, kuma na sha ƙwaya. Ba zan yi muku kwana-kwana ba. Shekara shida ina haɗiyarta don in kai kaya a kan lokaci ba tare da barci ya ɗauke ni a kan sitiyari ba. Daga ɗaya na koma biyu, daga biyu na daina ƙirgawa. Ranar da ta kayar da ni, a garejinmu na faɗi ina karkarwa, abokan aiki suka kwaso ni kamar buhu suka kawo asibitin Yaya. Daga ranar ban sake ba. Shekara bakwai ke nan, ko ta ciwon kai sai matata ta karanta min kwalin kafin in sha. Wanda ya taɓa barin wannan abin ya san ba ƙaramin yaƙi ba ne, wanda bai sani ba kuma ba na neman tafinsa.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne katina yana da karyayyen kunne.

Ga yadda abin ya samo asali. Shekaru da yawa baya, an kawo wani mutum da ya yi fama da allurar maye ya bari, ya karye a hannu. Likitan da ke aiki bai san tarihinsa ba, ya rubuta masa allura mai ƙarfi ta kashe zafi har kwana biyar. Hannu ya warke, mutum ya koma ruwa, bai fi shekara ba aka binne shi. Yaya ta san uwarsa. Abin ya tsaya mata a rai, domin tarihin yana cikin katin, a shafi na huɗu, ba wanda ya buɗe. Sai ta je wa babbar nas ta wancan zamanin da shawara: duk wanda aka san ya taɓa shaye-shaye, za ta lanƙwasa kusurwar katinsa ta sama, hannun dama. Likita na ganin kunnen a karye, ya san ya yi hattara da irin maganin da zai rubuta. Ba takarda, ba sa hannu, ba taro. 'Yar dabara ce ta mace mai tausayi.

Amma garin gyaran gira aka rasa ido. Waccan babbar nas ta yi ritaya, likitoci suka sauya, sababbin nas-nas suka zo suka tarar da karyayyen kunne, ba wanda ya gaya musu dalilinsa. Abin da suka koya daga na gaba da su shi ne, mai karyayyen kunne ɗan ƙwaya ne, ƙarya yake yi, allura ya zo nema, a tura katinsa ƙasan tari sai an gama da mutanen kirki. Ko sunanmu ba sa kira da ƙarfi. Akwai wani benci can ƙarshen baranda, kusa da banɗaki, inda kowa ke gudu saboda wari. Ban san yadda aka yi ba, kullum a nan muke ƙarewa, mu ne dai fuskokin nan.

Abin da ya mai da ni asibiti ƙafa ce. Ina canza taya jak ya zame, bakin ƙarfe ya sauka a kan ƙafata ta hagu, ya fasa yatsu biyu. Ƙafar hagu kuwa ita ce ƙafar kuloci. Direban babbar mota da ba shi da ita ya zama ɗan kallo, kuma mutum bakwai ke ci daga wannan ƙafar a gidana.

Ranar farko an wanke, an naɗe, an ce in dawo bayan kwana biyu. Na dawo tun bakwai na safe. Yaya ta buga tambari ta ce, "Auta, layi." Na ce na sani. Na zauna har ƙarfe biyu, ina kallon waɗanda suka zo bayana suna shiga suna fita. Da aka kira ni, mai wankin ciwo ya riga ya rufe ɗakinsa. Wata nas ta dube ni daga sama zuwa ƙasa, ba ta ko kalli ƙafar ba.

"Me ke damunka?"

"Zafi, ranki ya daɗe. Kamar ana hura min wuta a ciki."

"Zafi ko?" Ta kalli ta kusa da ita, suka yi 'yar dariya. "Ba ma yin allura a nan. Ga wannan, ka dawo jibi."

Farar ƙwayar ciwon kai ta ba ni guda shida. Wa ya ce mata allura nake so? Ni da nake gudun allura kamar mutuwata! Na haɗiye maganar na tafi, don na san in na ɗaga murya za a ce ga shi nan, abin ya motsa.

Haka aka yi sau biyar cikin mako biyu. Bandejin da aka naɗa min ranar farko matata ce ke canza shi a gida da ruwan gishiri. Ƙafa ta kumbura har takalmi ya daina shiga, yatsun suka fara baƙi, ƙudaje suka san ni. Yaya takan tambaya ta kafar taga, "An wanke?" In ce, "An ce jibi." Sai ta ce, "Mutane ne da yawa," ta kira na baya. Ni girman kai ya hana ni roƙonta, ita kuma dokarta ta hana ta leƙowa. Daga baya ta faɗa min da bakinta cewa ta daɗe tana ganin masu karyayyen kunne su ne katinsu ke dawowa ɗakinta a ƙarshe. Ta gani, ba ta so ta sani ba.

A cikin wannan halin ne mutanen jami'a suka zo. Wata malama ce da ɗalibanta, suna bincike a kan yadda ake karɓar masu shaye-shaye a asibitoci, da yadda za a rage ƙyamar da ake nuna musu. Sun raba wa likitoci da nas-nas takardun tambayoyi. Kana nuna bambanci? A'a. Kana ganin mai shaye-shaye mara lafiya ne kamar kowa? Ƙwarai kuwa. Kowa ya ci jarrabawa! Har shugaban asibiti ya fara cewa za a sa su a gaba a matsayin abin koyi. Yaya ba a ba ta takardar ba, wai ita ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, mai ɗauko kati ce.

Malamar nan dai ba ta da saurin yarda. 'Yar siririya ce mai tabarau, ga ta kamar iska za ta ɗauke, amma da naci kamar ƙuda. Ta ajiye takardun, ta zo ta zauna a baranda da agogo da littafi, kwana da kwanaki. Duk wanda ya yarda, ta rubuta lambar katinsa, da lokacin da ya zo, da lokacin da aka kira shi. Ba ta rubuta suna. Rannan ta zo har bencinmu na bakin banɗaki ta zauna kusa da ni, ba ta ko toshe hanci ba.

"Malam, in tambaye ka? In ba ka so, ba dole."

"Tambayi, Malama. Lokaci ai muna da shi a nan, har na sayarwa."

Ta tambaye ni tarihina, na faɗa mata tsaf. Sai ta ce, "Abin da ya ɗaure min kai ke nan. Wasu minti arba'in suke yi, wasu awa shida. Masu awa shidan nan da na zanta da su, kusan duk sun taɓa shaye-shaye. Amma ga ka da wankakkiyar riga, shekara bakwai rabonka da abin. Nas ɗin jiya ba ta fi wata uku da fara aiki ba. Ta yaya ta gane ka?"

Na ce, "Wallahi nima abin da nake tambayar kaina ke nan. Ko a goshina aka rubuta?"

Ranar ma ba a duba ni ba. Da aka tashi, na ja ƙafa na zauna a dakalin da ke ƙarƙashin tagar Yaya, ina jira ta rufe mu tafi tare, don ba na iya hawa mota ni kaɗai. Sai ga malamar ta zo ta rusuna a kafar.

"Sannu da aiki, Mama. Ke kaɗai ce ban zanta da ke ba."

"Ai an ce ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce."

"Duk wanda ya shigo ta hannunki yake bi. Ina da izinin duba katunan waɗanda suka yarda. In karanto miki lambobi, ki ɗauko min?"

Ta fara karantowa. Lamba ta farko, na ji takun Yaya ta je ta dawo. Ta biyu, haka. A ta biyar takun ya tsaya. Malama ta ci gaba da karatu, ba wanda ya motsa a ciki. Ta karanto goma sha tara, ta ƙarshen ita ce tawa.

Sai na ji muryar Yaya, ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa ji ba. "Waɗannan su ne masu daɗewa?"

"Su ne."

"Ba sai na ɗauko ba. Na san abin da ya haɗa su."

Ta turo katin farko ta kafar, ta ɗora yatsa a kan kusurwar. Ta ba da labarin duka, tun daga mai karyayyen hannu. Malama ta tambaya wa ke lanƙwasawa. Yaya ta ce, "Ni. Ba wanda ya taɓa karya kunnen kati a asibitin nan sai ni."

Na dafa bango na miƙe, na sa fuskata a ragar.

"Har nawa, Yaya?"

Ba ta san ina wurin ba. Ta dube ni, ba ta kau da ido ba, wannan kam na ba ta. "Har naka. Ranar da aka kawo ka kana karkarwa. Na ce kada wani ya ba ka abin da zai mai da kai."

Kai! Na yi fushin da ban taɓa yi ba. Na manta da malama, na manta da masu shara da suka tsaya kallo. Na ce mata shekara bakwai ina wanke kaina, ashe ita ta buga min tambarin da ba ya fita. Na ce ta goya ni a baya ta kuma sayar da ni da ɗan yatsa ɗaya. Na kwance bandejin a wurin, na ɗaga ƙafar har bakin kafar na ce, "Ga layinki nan, duba shi!" Warin ya shiga ɗakin kafin ta sunkuya. Ta kalli yatsun nan baƙaƙe, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta ba ni haƙuri ba. Ta ɗauki katina ta sa a jaka, abin da doka ta hana, ta kulle ɗaki ta ce, "Mu je."

A gidanta da yammar nan ta jona dutsen guga. Ta miƙe kunnen katin, ta ɗora ƙyalle, ta danna. Ta ɗaga, layin lanƙwasar na nan. Ta yayyafa ruwa ta sake dannawa har takardar ta fara ja. Yana nan daram, ko makaho ya shafa zai ji shi. Ta zauna tana kallon katin, ni ina kan kujera da ƙafa a kan bokiti.

Can ta ce, "Ba ya gogewa."

Na ce, "Ai da kin tambaye ni, da na gaya miki."

Washegari ta je wurin babbar nas ta yanzu, wadda suke kira Sista Babba. Ta roƙi a ba ta sababbin katuna ta sake wa mutum ɗari uku da wani abu, a kuma gaya wa nas-nas su bar tura kowa ƙasan tari. Sista Babba ta ce babu katunan da za a ɓata a kan 'yan ƙwaya, kuma tsarin yana taimaka musu, su da suke shan zagi da barazana ba ita da ke bayan raga ba. Ba ƙarya ta yi duka ba, akwai waɗanda suke zuwa a buge su tayar da hankali. Amma ni da ƙafata fa? Yaya ta ce to ga ƙanenta nan, a duba shi yau. Sista Babba ta yi murmushi ta ce, "Uwar Kati da kanta? Ba ke ce mai layi layi ne ba?" Ranar ma haka na koma gida, zazzaɓi ya rufe ni tun a hanya.

Kashegari Yaya ta zo da kanta ta ɗauke ni, muka isa kafin masu shara, amma muka tarar mutum takwas sun riga mu layi. Ta zaunar da ni a bencin gaba, ba na banɗaki ba. Ta buɗe taga. Mutum na farko ya faɗi lambarsa, wani dattijo mai hawan jini. Ta zaro katinsa, ta buga tambari, ta kama kusurwar sama ta hannun dama ta lanƙwasa, ta danna da farce. Ta biyu mace ce mai goyo. Ta lanƙwasa. Malamin makaranta, mai ciki, mai ciwon haƙori, jaririn wata biyu, duk ta karya musu kunne. Ni ne na tara. Nawa ba ya bukatar komai, ta dai buga tambari ta ɗora a inda ya dace.

Nas ta zo ta ɗauki tire. Ba a yi minti biyar ba sai ga Sista Babba tafe kamar za ta tashi sama, katuna a hannu.

"Uwar Kati! Mene ne wannan?"

"Katuna ne, Sista."

"Kin san abin da nake nufi! Wanne ne wanne?"

"Duk marasa lafiya ne. Na sama shi ya riga zuwa."

"Har da katin mahaifiyata kika lanƙwasa? Tsohuwar da ko goro ba ta ci?"

Ashe tsohuwar ta zo awon sukari, ita ce ta goma sha huɗu. Yaya ta leƙo ta kafar, da murya yadda duk baranda za ta ji ta ce, "To mene ne a ciki? Ba kin ce tsarin taimako ne ba? In alheri ne, ai gara tsohuwa ta samu rabonta." Wanzami dai ba ya son jarfa. Mutanen layi ba su san kan zancen ba, amma sun ga fuskar Sista, wasu suka fara ƙunshe dariya. Malamar jami'a na gefe da littafinta, ta daina rubutu, baki buɗe.

Sista Babba ta ce za ta kai ta gaban shugaba, kuma Yaya ta tuna saura wata takwas ta yi ritaya, kada ta ɓata shekara ashirin da bakwai a kan banza.

Yaya ta ce, "Ki kai ni gaban wanda ya fi shi. Ni na fara wannan abin, ba da izinin kowa ba, kuma yau na kashe shi ba da izinin kowa ba. Kafin ki dawo na gama da kanta ta farko, kafin a tashi na gama da ɗakin nan kaf. In likita na son ya san abin da mutum ya taɓa sha, ya tambaye shi, ai da bakinsa ya zo." Ta juya ta kira na gaba.

Ba yadda suka iya. Mutane sun cika baranda, ba lokacin buɗe kowane kati a karanta tarihi. Suka fara kira daga sama. Ƙarfe tara saura aka kira ni, ni da na saba jin sunana bayan an fara kulle tagogi. Har na tsaya waige-waige ko wani mai irin sunana ake nufi.

Likitan matashi ne, ban taɓa kaiwa gabansa ba. Ya sa aka kwance bandejin, ya ja baya kaɗan, sannan ya matso ya danna saman ƙafar, ya bi jan layin da ya fara hawa ƙwauri da yatsa. Ransa ya ɓaci.

"Haba malam! Kai wane irin mutum ne? Ka zauna a gida har ƙafa ta ruɓe? Me ya hana ka zuwa da wuri?"

Kafin in buɗe baki na ji an ce, "Ya zo."

Yaya ce a bakin ƙofa. Matar da ko fitsari ba ya tashinta daga taga a lokacin aiki, ta bar layi a tsaye ta biyo ni. Ta shigo ba sallama, ta ɗauki katin daga gaban likita, ta juya bayansa, ta ajiye yatsa a kan tambarin.

"Ƙirga, likita. Takwas ne da na yau. Duk da hannuna na buga su. Ka duba ciki ka ga sau nawa aka rubuta an buɗe ƙafar."

Ya buɗe, ya duba, ya sake dubawa. Ya ɗaga waya ya ce a shirya ɗakin tiyata. Sannan ya juyo gare ni, ya tambaye ni ko akwai maganin da ba na so a ba ni. Na gaya masa tarihina da bakina, cikin minti ɗaya. Ya ce to, akwai wanda za su yi amfani da shi, ya rubuta. Abin da aka karya kunnen kati shekara da shekaru dominsa ke nan, tambaya ɗaya.

Yatsu biyu suka tafi. Likita ya ce da an ƙara kwana uku, daga gwiwa za a yi maganar.

Yaya kuwa ta cika alkawari, kafin a tashi ranar babu kati mai lafiyayyen kunne a ɗakin nan, har babban yatsanta ya yi kanta. Shugaba ya kira ta, aka rubuta mata takardar gargaɗi, aka ɗauke ta daga taga aka kai ta ɗakin ajiyar barguna ta ƙarasa watanninta. An so a yi abin shiru. Malamar jami'a ce ta hana, don ta sa shi a rahotonta, ta kuma karanta a gaban ma'aikata duka ranar da ta kawo sakamako: takardun tambayoyi sun ce babu bambanci, agogo ya ce awa shida. Ta ce za ta ɓoye ko wace ce, kamar yadda ƙa'idar aikinsu ta ce. Yaya ta miƙe daga kujerar baya ta ce, "Ɓoye na me? Ɗakin kati mutum nawa ne a ciki? Ni ce. Ku kuma da kuka iske abu ba ku tambayi dalilinsa ba, kowa ya ɗauki nasa." Ba wanda ya tafa mata, kuma ba ta nema ba. Na ji an ce yanzu ɗaliban malamar duk asibitin da suka shiga, ɗakin kati suke fara zuwa.

Kada in yi muku ƙarya, ba a wayi gari nas-nas sun zama mala'iku ba. Har yanzu akwai mai kallonka ta yatsine fuska. Amma sai ta buɗe kati ta karanta kafin ta yatsine, kuma kafin nan ka riga ka shigo ɗaki ka zauna.

Ranar da aka fara kwance min ɗinki, Yaya ta baro bargunanta ta zo ta tsaya a kaina. Mai wankin ciwo ya ɗaga auduga, ga gurbin yatsu biyu, ga uku a tsaye. Na motsa su, na danna ƙarfen gado da tafin ƙafar kamar ina taka kuloci. Ya yi zafi, amma ya danna.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Biyun nan ni na yanke su, Auta."

Na so in ce mata a'a, amma ba a yi wa Yaya ƙarya, kuma ni ma ban gama hucewa ba. Na ce, "Haka ne. Ukun da suka rage fa, wa ya bar min su?"

Ta ja tsaki, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce in rufe mata baki in miƙe ƙafa mutum ya yi aikinsa, akwai mutane a layi.